Cigiyar Raƙumi Tsakanin Sarakuna: Sasanta Rigingimun Dabbobi a Kan Iyakokin Najadu, 1922-1942

1.0 Gabatarwa

Larabawa sun daɗe da sanin cewa raƙumi ɗaya yana iya jefa al'umma cikin yaƙi. Masu ba da labarin zamanin jahiliyya sun ruwaito cewa yaƙin Basus, wanda aka gwabza tsakanin ƙabilar Bakar da ta Taglib har kimanin shekara arba'in, taguwa ɗaya da aka harba ce ta haddasa shi. Haka nan littattafan sira sun kawo cewa lokacin da Abdul Muɗɗalib ya shiga wurin Abrahata, maganar raƙumansa ɗari biyu da rundunar giwa ta kora ita ya fara gabatarwa. Ashe ke nan cigiyar raƙumi a gaban mai mulki tsohuwar al'ada ce a wannan yanki.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda wannan tsohuwar matsala ta sake kama a farkon ƙarni na ashirin, lokacin da aka shata iyakoki tsakanin Najadu, ƙasar Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud, da maƙwabtanta uku na arewa, wato Kuwait da Iraƙi da Gabashin Jodan. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wuyar al'amarin ba ta tsaya ga gano inda raƙumi ya shiga ba, domin mutanen sahara gwanaye ne a wannan fanni. Wuyar tana ga sunan da za a kira shi da shi bayan an gan shi: ganima ne, ko kayan sata, ko tsintuwa? Sa'an nan wane ne yake da ikon raɗa masa sunan? Wannan ne ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe kamar yadda ya shafi masana tarihi.

2.0 Raƙumi a Shari'a da Al'ada

Hukuncin ɓataccen raƙumi ba baƙo ba ne ga ɗalibin da ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana mutum ya kama raƙumin da ya gani yana yawo shi kaɗai a daji, alhali ta yarda ya ɗauki tunkiya idan ya same ta inda babu gari kusa. Hujjar tana cikin hadisi: raƙumi yana iya kai kansa ga ruwa, ya ci ganyen itace har mai shi ya same shi, amma tunkiya idan an bar ta rabon kura ce. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Halifa Umar haka ake barin irin waɗannan raƙuma suna yawo suna hayayyafa ba mai taɓa su, sai a zamanin Halifa Usman aka yi umurnin a yi shelarsu, a sayar, a ajiye kuɗin har mai su ya zo. Tun a wancan lokaci ke nan hukuma ta fara sa hannu cikin abin da a da aka bar wa daji.

Amma Larabawan sahara na ƙarni na goma sha tara da farkon na ashirin, irin su Shammar da Anaza da Muɗair da Ajman da Huwaiɗat da Bani Sakhr, al'adarsu ta gado suka fi bi a wannan sha'ani, kuma alƙalansu na ƙabila ne suke yanke hukunci. Turawan da suka zauna da su sun rubuta abin da suka gani, musamman Alois Musil a littafinsa kan ƙabilar Ruwala (1928) da H.R.P. Dickson a nasa kan Larabawan sahara (1949).

Tushen wannan al'ada shi ne lalas ɗin da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi, wanda suke kira wasm. Kowace ƙabila ko zuriya tana da nata zane da kuma wurin da ake yin sa, a wuya ko a cinya ko a kunci. A gefensa akan ƙara wata 'yar alama da ke bambanta gida da gida, wadda ake kira shahid. Mai jin Hausa zai lura cewa tushen wannan kalma ɗaya ne da na shaida, wadda Bahaushe yake amfani da ita ga alamar da ake sa wa abu don a gane shi, yake kuma amfani da ita ga mutumin da ya tsaya gaban alƙali. Bayan lalas akwai bin sawu. Ƙabilar Al Murra ta yi suna ƙwarai a wannan, har sarakunan yankin suna ɗaukar mutanenta aikin bin sawun ɓarayi.

Idan an ga raƙumi a hannun wanda ba shi ne mai lalas ɗin ba, sai a tambayi yadda ya zo hannunsa. In ƙabilu biyu suna cikin gaba a bayyane, ɗaya ta kai wa ɗaya hari, wato gazu, ta koro raƙuma, to wannan ganima ce. Ba abin kunya ba ne, hasali ma abin a yi wa mutum kirari ne, kuma wanda aka kora wa ba shi da ƙara sai dai ya shirya nasa harin. In kuwa akwai zaman lafiya tsakaninsu, ko wanda aka kora wa yana biyan kuɗin kariya da ake kira khuwa, wato 'yan'uwantaka, to dole a mayar, kuma nauyin ƙwato dabbar yana kan “ɗan'uwan” da ya karɓi kuɗin. In ɓata raƙumin ya yi, ko aka sace shi a ɓoye, mai shi yana da damar ya kama shi duk inda ya gane shi, ko da a tsakiyar kasuwa ne. Wannan shi ake kira arafa, wato ganewa, kuma a nan wanda dabbar take hannunsa sai ya nuna wanda ya sayar masa. Idan duk wannan ya faskara, akwai wata hanya da ake kira wisaƙa: mai haƙƙi ya kame dabbar wani dangin wanda yake bi, ya riƙe ta a matsayin jingina har a biya shi.

Akwai kuma wata kalma da za a sake cin karo da ita a gaba. Idan ƙabilu biyu suka gaji da gaba suka zo sulhu, kuma lissafin jini da dukiya ya yi yawan da ba zai ƙidayu ba, sukan yi abin da suke kira hafr wa dafn, wato haƙa da binnewa. Kowa ya yafe abin da yake bi, ba a sake ta da maganar.

3.0 Shata Iyaka a Kan Makiyaya

Wannan tsari yana aiki ne muddin ƙabila ce take fuskantar ƙabila. Abin ya canza daga 1921. A wannan shekara Turawan Ingila suka ɗora Faisal ɗan Sharif Husaini a kan gadon sarautar Iraƙi, ɗan'uwansa Abdullahi ya zama sarkin Gabashin Jodan, Shaihu Ahmad al-Jabir ya hau mulkin Kuwait, Abdul'aziz kuma ya ci birnin Ha'il ya kawar da gidan Rashid. Da yawa daga cikin Shammar, waɗanda Ha'il ce cibiyarsu, suka tsere zuwa Iraƙi, daga can suka riƙa kai hari Najadu. Daga ɓangaren Najadu kuwa akwai Ikhwan, wato makiyayan da aka zaunar a ƙauyuka aka cusa musu tsananin aƙida, waɗanda suke ɗaukar duk wanda ba ya tare da su a matsayin wanda dukiyarsa ta halatta. Harinsu ya saɓa wa gazu na gargajiya, domin su ba su tsaya ga kore dabbobi ba, kisan maza suke yi ba sassauci.

Yarjejeniyar Muhammara ta watan Mayu 1922 ta yi ƙoƙarin raba ƙabilu: Muntafiƙ da Zafir da Amarat na Iraƙi ne, Shammar na Najadu kuwa na Abdul'aziz. A watan Disamba na shekarar, a Uƙair, Sir Percy Cox ya ja layi a kan taswira ya raba Najadu da Iraƙi da Kuwait, ya bar yankuna biyu da ba na kowa ba domin makiyayan kowane ɓangare su sha ruwa su yi kiwo, aka kuma amince ba za a gina sansanin soja a kan rijiyoyin da ke kusa da iyaka ba. Abdul'aziz bai so layi ba. Shi a ganinsa iyakar mulki ita ce iyakar inda ƙabilunsa suke kiwo. Ba za a ce ba shi da hujja ba, domin raƙumi ruwan sama yake bi, kuma ƙabilar da ta yi bazara a Iraƙi tana iya yin hunturu a Najadu.

Daga nan ne cigiyar raƙumi ta zama maganar sarauta. Sarkin da ya rubuta wa maƙwabcinsa yana neman a mayar wa wata zuriya raƙumanta, yana faɗa ne a fakaice cewa wannan zuriya talakawansa ne, shi ne mai karɓar zakkarsu. Sarkin da ya mayar kuwa ya amince da haka ke nan. Saboda haka wasiƙa a kan taguwa goma tana iya ɗaukar watanni ba a amsa ba, ba don goman sun fi ƙarfin baitulmali ba. Daɗin daɗawa, shehun ƙabila da ya ga sarkinsa ya kasa ƙwato masa dukiya yakan tattara mutanensa ya ƙetare iyaka ya yi mubaya'a ga ɗayan, inda ake tarbarsa da alkyabba da kyauta. Taron da aka yi a Kuwait daga Disamba 1923 zuwa Afrilu 1924, ƙarƙashin Kanar Knox, a kan irin waɗannan batutuwa ya cije, musamman mayar da Shammar da suka gudu da kuma dukiyar da aka kora, ya watse ba a ƙulla kome ba. A watan Agusta 1924 Ikhwan suka kai hari kan Bani Sakhr har kusa da Amman, sai da jiragen sama da motoci masu sulke na Ingila suka kore su.

4.0 Kotunan Bahra da Hadda

A ƙarshen 1925, lokacin da Abdul'aziz yake kewaye da Jidda yana gab da gama cin Hijaz, Sir Gilbert Clayton ya same shi a sansaninsa tsakanin Jidda da Makka. Aka sa hannu a yarjejeniyar Bahra, wadda ta shafi Iraƙi, ranar 1 ga Nuwamba, da ta Hadda, wadda ta shafi Gabashin Jodan, washegari. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda waɗannan takardu suka sake wa hari suna. Sun ayyana shi a matsayin ta'addi wanda ya wajaba gwamnati ta hukunta, suka kuma ɗora alhakinsa a kan shugaban ƙabila. Da wannan jimla ɗaya aka shafe bambancin da ke tsakanin ganima da sata, bambancin da dukan hukuncin gargajiya ya dogara a kansa. An hana sojan wata ƙasa ƙetare iyaka yana bin masu laifi sai da izini. An kuma tanadi kotu ta musamman mai wakilai daidai wa daida daga kowane ɓangare, da shugaba wanda duka biyu suka yarda da shi, domin ta binciki hare-hare ta ƙiyasta asara.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace kotun da ta zauna a Ariha a 1927 a kan ƙararrakin Najadu da Gabashin Jodan ta tashi ba ta mayar wa kowa da abin kirki ba. Dalilan ba su da wuyar ganewa. Raƙumin da aka kora shekara uku da suka wuce ba ya nan yana jiran alƙali: an raba ganima tun a hanya, an sayar da wasu a kasuwannin Sham ko Masar, an yanka wasu, an sake wa wasu lalas, tagwaye kuma sun haihu, sai a shiga gardamar ko 'ya'yan na cikin lissafi. Mai ƙara yakan ninka adadi domin ya san za a rage. Wanda ake ƙara kuwa yakan ce ramuwar gayya ya yi, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa, domin kowane hari yana da wanda ya riga shi. Sa'an nan wakilan kotun ba alƙalai ba ne a haƙiƙa, manzannin sarakuna ne, ba wanda zai koma gida ya ce ya yanke hukunci a kan mutanen ubangidansa. Hadda ta ƙara dagula lamarin ta wata fuska, domin ta bar mafi yawan Wadi Sirhan a hannun Najadu, alhali nan ne wasu ƙabilun Gabashin Jodan suke kai dabbobinsu da hunturu.

Ta ɓangaren Iraƙi ma kotun ba ta sami sukunin yin aiki ba. A watan Nuwamba 1927 mutanen Faisal al-Dawish, shugaban Muɗair, suka far wa masu gina ofishin 'yan sanda a rijiyar Busayya suka karkashe su, suna cewa ginin ya saɓa wa alkawarin Uƙair. Hare-hare suka biyo baya a kan Iraƙi da Kuwait, jiragen Ingila suna mayar da martani. Ikhwan suka fi ƙarfin sarkinsu, har a farkon 1929 suka taɓa fataken raƙuma 'yan Najadu da kansu. Abdul'aziz ya murƙushe su a Sabila a ƙarshen Maris 1929, al-Dawish kuma ya miƙa wuya ga Turawa a ƙasar Kuwait a Janairu 1930, aka danƙa shi ga sarkinsa. A watan Fabrairu Abdul'aziz da Faisal na Iraƙi suka haɗu a cikin jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Lupin, kuma hanyar da aka bi a kan asarar ƙabilun Iraƙi ita ce a biya kuɗi a dunƙule maimakon a bi raƙumi ɗaya bayan ɗaya.

A yamma aka sake gwada bincike. Gwamnatin Ingila ta naɗa M.S. MacDonnell a 1930 ya tattara ƙararrakin da suka taru tsakanin Najadu da Gabashin Jodan tun daga Hadda. Ya zauna a Amman yana sauraron shehunai da shaidunsu. Hukuncin da ya fito daga London a 1931 shi ne, abin da kowane ɓangare yake bi ya tafi a bakin abin da ake bin sa. Bayan shekara shida ana kafa kotuna da rubuce-rubuce, sai ga shi an dawo kan haƙa da binnewa. Sai dai akwai bambanci babba: a al'ada masu haƙƙin ne da kansu suke zama su binne, a nan kuwa binne musu aka yi daga nesa. Huwaiɗat, waɗanda Ikhwan suka kwashe wa dukiya mai yawa a hunturun 1929 zuwa 1930, su ne suka fi jin jiki, domin ba su da abin da za su ce sun ci a madadin abin da suka rasa.

5.0 Kalmomin Daji a Cikin Takardar Sarakuna

Abin da ya kawo sauƙi daga baya ƙarami ne idan aka kwatanta da manyan tarukan da aka ambata. John Glubb, wanda ya yi aiki a saharar kudancin Iraƙi, ya koma Gabashin Jodan a ƙarshen 1930, ya kafa rundunar sintirin sahara a 1931. Makiyayan ya ɗauka aikin, ya ba su motoci da wayar iska. Amfanin wannan shi ne sauri. Raƙumin da aka bi sawunsa a kwana biyu ana samunsa da lalas ɗinsa, ba a raba shi ba, ba a sayar ba, babu kuma bukatar rantsuwa a kan adadi. A ɗaya ɓangaren gwamnonin Abdul'aziz, irin su Ibn Musa'id na Ha'il da Ibn Jiluwi na Ahsa, sun riga sun yi suna wajen tsananin horo, ba mai son a kai ƙararsa gare su.

Yarjejeniyar abota da kyakkyawar maƙwabtaka da Iraƙi ta ƙulla da Abdul'aziz a Makka a Afrilu 1931, da wadda Gabashin Jodan ta ƙulla da Saudiyya a Yuli 1933, sun ɗora aikin a kan jami'an kan iyaka, waɗanda aka ba ikon yin magana da juna kai tsaye ba sai sun bi ta fada ba. Ta 1933 tana da wani jadawali na ƙa'idojin aikin waɗannan jami'ai, kuma a cikinsa ne mai karatu zai tarar da kalmomin makiyaya zaune daram a matsayin kalmomin doka. Akwai sashe a kan wisaƙa, wanda ya haramta riƙe dabbar wani a matsayin jingina. Akwai sashe a kan ara'if, wato dabbobin da masu su suka gane a hannun wani. Akwai na diyya. Akwai kuma na khidma, wato rabon da mai ƙwato dukiya ya saba cirewa a matsayin ladan wahalarsa: an hana cire kome daga dabbobin da aka kora idan za a mayar da su, amma an yarda a ba wanda ya tsinci ɓatattun raƙuma ya kula da su lada, da sharaɗin ya yi shela bai ɓoye ba. An kuma wajabta rubuta takardar shaida duk lokacin da aka miƙa dabbobi.

Ko a nassin Ingilishi an bar waɗannan kalmomi yadda suke a Larabci, kuma hakan daidai ne, domin babu kalmar Turanci ɗaya da za ta ɗauki ma'anar wisaƙa. Mai fassara zuwa Hausa ma sai ya haɗa jingina da kame kafin ya kusanci abin da ake nufi. Abin da jadawalin ya yi shi ne ya tace al'adar. Ya karɓi arafa da ladan tsintuwa, waɗanda suke taimakon mai dabba, ya jefar da wisaƙa da ganima, waɗanda suke ba mutum damar ɗaukar wa kansa fansa. Sharaɗin shela kuwa bai yi nisa da abin da aka ruwaito daga zamanin Halifa Usman ba.

Kuwait ce ta zo ƙarshe. Tsakaninta da Abdul'aziz akwai wata rigimar dabam: tun daga farkon shekarun 1920 ya hana ƙabilunsa zuwa cin kasuwarta saboda saɓani a kan kuɗin fito, kuma masu tsaron wannan takunkumi sukan kame raƙuman ayari, har wani lokaci a cikin ƙasar Kuwait. Shaihu Ahmad ba shi da ikon hulɗa da ƙasashen waje sai ta hannun Ingila, saboda haka ƙarar raƙumi takan bi ta ofishin wakilin Ingila a Kuwait, muƙamin da Dickson ya riƙe daga 1929 zuwa 1936. Sai a Afrilu 1942 aka sa hannu a Jidda a kan yarjejeniyoyi uku, ta abota da maƙwabtaka, da ta ciniki, da ta miƙa masu laifi, Ingila tana wakiltar Kuwait, aka kuma bi tsarin nan na jami'an kan iyaka.

A lokacin mota ta riga ta fara karɓe aikin ayari, darajar raƙumi ta faɗi a kasuwa, an kuma sami man fetur a Burgan ta Kuwait da Dammam ta Saudiyya duka a 1938. Yankin nan da Cox ya bari tsakanin Kuwait da Najadu domin kiwo da shayar da dabbobi ya zama filin haƙar mai, kuma a 1965 ƙasashen biyu suka amince su raba shi gida biyu.